Haɗin Man Sarƙa

"Ka faɗa mini yadda kake haɗa man sarƙar nan, in bar maka inuwar gindin itacen bedi," in ji maƙwabcinsa, abokin sana'arsa.

Tsohon mai gyaran keke ya dube shi sheƙeƙe. Shekara tara suna ƙwacen masu keke a kasuwar Tasawa, ko gaisuwa babu. Tsoho ya miƙa masa hannu alamar ya yarda, ya ce:

"Kakin zuma, man kaɗe, man gyaɗa. Ka narka a wuta sannu-sannu."

Baƙin man mota, wanda shi ne uwar haɗin, ya bar shi a cikinsa. "Je ka, ɗan neman banza," ya ce a ransa.

Kafin wata ya mutu man da maƙwabcin ya haɗa ya daskare a sarƙoƙi, ya kwashi rairayi, kekuna suka riƙa kuka kamar jakai. Wani da ya turo kekensa tun daga Maijirgi ya zage maƙwabcin tas. Maƙwabcin ya tattara kayansa ya bar layin. Tsoho ya yi dariya har da tari.

Sannan samari suka bar keke suka koma hawan moto, wato babur. Sai tsoho ya yini bai liƙa faci ɗaya ba.

Wata la'asar ya iske matarsa tana shafa mai a dugaduganta. Ya sansana gwangwanin, ya gane ƙanshin.

"Ina kika samo wannan?"

"Wurin tsohon maƙwabcinka, malam. Maganin faso ne. Har daga Mayahi mata ke zuwa saye. Ya ce kai ka koya mishi."

Wanda aka cuta ya buɗe shago da ƙaryar. Tsoho kuwa haɗin gaskiya na nan a cikinsa, ba mai tambaya.