Mai Jiran Hadari a Ƙasar Ƙanƙara

Tanimu, ka ce injin ban-ruwanka sai rafi ya janye za ka kwance shi ka duba. To zauna, tunda haka ka ce, in ba ka labarin wani mai irin halinka, wanda har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Wani manomi ne daga nan ƙasarmu, rabo ya kai shi wata ƙasa mai tsananin sanyi, inda dusar ƙanƙara ke zuba har ta binne hanya. Wani dattijo ɗan garinsu da ya daɗe a can shi ya yi masa hanya, ya sauke shi a gidansa, ya kuma tsaya masa har Musulmin garin suka ba shi aikin kula da maƙabartarsu. Maƙabartar tana bayan gari a kan tudu, da wata siririyar hanya da ta haura daga titi zuwa ƙofarta. Aka damƙa masa ƙaramar tarakta mai faffaɗan ƙarfe a goshi na ture ƙanƙara, da sarƙoƙi cikin buhu, waɗanda ake naɗa wa tayoyin baya don su kama ƙasa kada santsi ya kwashe su. Aikin ke nan gaba ɗaya: in hunturu ya shigo hanyar nan ta zauna a buɗe, domin mutuwa ba ta sallama.

Da ganye ya fara ja yana kakkaɓewa, dattijon ya dogaro sandarsa ya zo ya ce masa, “Ɗana, zazzage buhun nan ka gwada sarƙar tun yatsunka suna lanƙwasuwa. Ka tayar da injin, ka duba batir.” Gogan naka sai ya ɗaga kai ya dubi sama, irin kallon nan na manomin da ya yarda da kansa, ya ce, “Baba, ai da saura. Ko gajimare na kirki babu. Ni da na tashi a gona, a ce abu zai sauko daga sama ban ga tahowarsa ba?” Ka ji fa! Shi a lissafinsa ƙanƙara ma damina ce: sai shamuwa ta iso, gabas ta yi baƙi, iska ta taso, an yi cida da walƙiya, sannan mutum ya ɗauko fartanya. Ina shamuwa a ƙasar da ruwan famfo ke daskarewa? Matarsa ta yi magana, ya ce ta bar masa sha'anin sama, nasa ne. Buhu ya ci gaba da zamansa a kusurwar rumfar da ake ajiye tarakta, daidai inda rufin ke yoyo.

Ana nan sai Allah Ya yi wa dattijon rasuwa. Aka haƙa kabari da yamma aka rufe bakinsa da tamfol, aka ce da safe za a kai shi. Aka wayi gari duniya ta yi fari fat. Babu tsawa, babu guguwa, abin ya zubo shiru kamar ana tankaɗe gari, har ya kai gwiwa. Manomin ya ruga rumfa. Ya murɗa makulli, injin ya yi tari ya yi shiru, batir ya kwanta. Da ƙyar wani ya jona masa da na motarsa ya tashi. Ya tunkari tudun ba sarƙa, tayoyi suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, tarakta ta zame ta gicciye a bakin hanya, ta ƙarasa toshe ɗan abin da ya rage. Sai a lokacin ya tuna da buhu. Ya zazzage, sarƙa ta faɗo a dunƙule, ta cukurkuɗe, tsatsa ta cinye ta, ƙugiya ɗaya ta karye. Bai ma san ina ne gabanta ina ne bayanta ba, tunda bai taɓa ɗaura ta ba. In ya sa safar hannu ba ya iya kama ƙarfen, in ya cire yatsu su sandare.

Motar gawa ta iso da jama'a, suka tsaya a titi. Yana durƙushe gindin taya yana cewa, “Yanzu-yanzu, ku ɗan yi haƙuri, saura kaɗan.” Da jira ya yi yawa, matasa suka saɓa makara a kafaɗa suka kutsa cikin ƙanƙarar, suna nutsewa suna tashi. Tsofaffin abokan mamacin, waɗanda ƙafarsu ba za ta iya hawan ba, suka zauna cikin motoci suna hawaye. Da makara ta zo wucewa ta gefensa babu wanda ya zage shi, kuma da ma zagin aka yi da ya fi masa sauƙi. Ɗan mamacin ne kawai ya dube shi ya ce, “Sannu da aiki.” Kunya ta hana shi tashi ya bi su, ya ce bari dai ya buɗe wa tsofaffin hanya su samu ko addu'a ce. Sarƙa ba ta zauna a taya ba sai da ya hango mutane suna gangarowa suna karkaɗe hannu. Ya share hanyar tas, ta yi kyau, amma babu sauran mai hawa. Mutumin da ya ɗauko shi daga ƙauye ya ba shi ci da sha da sana'a, ko tafin ƙasa ɗaya bai zuba a kabarinsa ba.

To kai ma zauna ka jira rafi ya janye, albasarka ta fara kwanciya, sannan ka je neman makaniki ranar da kowa ke nemansa. Tashi ka kwance injin nan yau, Tanimu. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.