Bushin Mai Laushi

"Baba, a sa mini bushin mai taurin nan mana," in ji ɗana, yana duba agogo. "Motar gudu ce. Shi ke riƙe ta a kwana, kuma yana shekaru bai cinye ba."

Na fito daga ƙarƙashin motar ina goge hannu. "Mai tauri? Duk ramin da ka faɗa sai ka ji shi a ƙugunka. Shekara talatin ina kanikanci, kai za ka koya mini?"

Na ɗaura masa na roba mai laushi. Ya zauna a benci muka sha shayi, ya ba ni labarin jikokina. Awa biyu cur, sannan ya ja motarsa ya tafi.

Maƙwabcina mai walda ya leƙo. "Haba maigida! Da irin tuƙin ɗan nan naka, ai wata uku robar za ta yi ta mutu."

"Na sani."

"To, me ya sa?"

Na ɗauraye kofin ɗana, na kife shi inda nake ajiye masa.

"Wancan karon mai tauri na sa masa. Shekara huɗu ban sa shi a ido ba."