Wuyan Riga

"Kai, ɗan Burkina, tuɓe masa rigar kamfani kafin jami'in ƙwadago ya iso," in ji shugaban leburori. "Ba shi da takarda, doka ba ta san da zamansa ba."

Ɗan Burkinan ya durƙusa gaban gawar ƙanensa, wanda ya faɗo daga hawa na shida na benen da suke ginawa a Abijan. Ya zare rigar. A wuyanta, inda kowane lebura ke rubuta sunansa don kada riguna su cakuɗe, ga sunan ƙanen nan. A samansa akwai wasu sunaye biyu, duk an soke su.

Shugaban ya miƙo masa biro.

"Taka ai ta yage. Soke nasa, ka sa naka."