Ɗanyen Wake a Bayan Katanga

Ilu, tun da ka zauna ba ka da zance sai gonar ƙanenka, har shayinka ya huce. Bari in ba ka misali.

A ƙasar Japan suna da wata al'ada. In sanyi ya kusa wucewa, maigida yakan watsa wake a ƙofar gida yana korar miyagun iskoki, ya watsa cikin ɗaki yana kiran alheri. Amma sai an soya waken, don a ganinsu in ya tsiro, sharrin da aka kora ne ya dawo. To, akwai wani manomi da katanga ɗaya ta raba shi da maginin tukwane. Maginin bai tare masa komai ba, sai dai tukwanensa ba sa kwantai, gidansa kuma kullum dariya. Dariyar nan ita ke ci wa manomi tuwo a ƙwarya. Ranar watsa wake sai ya ƙi soya nasa. Ya kwance buhun irin da ya ajiye don shuka, ya tsaya jikin katanga yana dumbuza yana cillawa gidan magini, wai iskokinsa su koma can su yi saiwa. Mai baƙin ciki bai san ya isa ba. Bai farga ba sai da hannunsa ya taɓo gindin buhu, kuma ko ƙwaya bai watsa a ɗakinsa ba.

Ashe waken a kan jujin da magini ke zubar da toka ya sauka. Da ɗumi ya shigo aka sami ruwa, wuri ya yi kore shar. Mutane suka ce wa magini ya tuge, shi kuwa ya ga abu ya yi kyau, ya nome shi. Manomi ga gona a share, babu iri, sai leƙe ta saman katanga yana cizon yatsa. Da kaka magini ya shigo masa da sabuwar tukunya cike da wake, ya ce, "Maƙwabci, ga naka. Ban san mai alherin da ya shuka mini ba." Haka manomi ya miƙa hannu biyu ya karɓi irinsa a matsayin kyauta, har da godiya, don gidansa babu na dafawa.

Shanye shayinka ka je ka taya ƙanenka girbi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hassada ga mai rabo taki ce.