Makaɗin da Ya Koma Yi wa Waya Kalangu

Tunda ka ce kallon ƙwallo a waya da zuwa fili duk ɗaya ne, gyara zama, mutumina, in ba ka misalin wani makaɗi.

A wani gari akwai wata 'yar ƙungiyar ƙwallo, rabin 'yan wasanta birkiloli, sauran 'yan acaɓa, mai tsaron ragarsu kuwa tela ne. Filinsu yana bayan firamare, ba katanga ba rumfa, jama'ar da ke tsaye su ne iyakarsa. Shi makaɗin nan da safe mahauta yake yi wa kalangu a bakin kasuwa, ran Asabar da la'asar kuma ya rataya abinsa ya nufi fili. Kowane ɗan wasa da takensa. Akwai lamba tara, wani birkila mai tumbi da ake ce wa Guduma. In ba a kaɗa masa take ba, yawo yake a fili kamar wanda ya yar da allura, amma da kalangu ya kira shi sai ya zabura kamar ragon da ya tsinke igiya. Shekara huɗu ba wanda ya ci su a gida. Makaɗi kuwa duk majalisar da ya zauna sai ya ce Guduma ƙafa kawai yake bayarwa, kalangu ke cin ƙwallon.

Ana nan sai wani mai gyaran waya ya ɗaure wayarsa a kan gora a gefen fili, ya fara nuna wasan kai tsaye, don 'yan garin da ke ci-rani a kudu su riƙa gani. Niyya ce mai kyau. Sai dai na gida suka lura rumfar mai shayi tana da inuwa da benci, kuma ba wanda zai taka maka ƙafa. Wannan makon mutum goma suka zauna suka jingina waya da gwangwanin madara, mako na gaba talatin. Makaɗi ya waiga ya ga masu yi masa tafi sun koma rumfa, shi ma ya bi su. Ya yi lissafinsa: tunda ga Guduma nan yana gani ƙuru-ƙuru, me zai hana ya kaɗa masa daga nan? Ya matso da bakin kalangu kusa da waya, ya yi ta narka kiɗa har kofunan shayi na rawa a kan tebur. Can a fili kuwa ba kowa sai awaki da maigadin makaranta, Guduma yana ta neman allurarsa. Aka ci su sau uku a jere. Makaɗi ya ce laifin sabis ne, ba ya kai kiɗan da kyau, har ya koma hawa kan benci ko zai fi shiga.

Sai wasan ƙarshe ya zo. In aka ci su, za su gangara rukunin ƙasa, inda alƙalin wasa da baki yake fito don ba usur, kuma gari zai ce kalangu ya mutu. Baƙi suka zo da mota guda ta magoya baya. Makaɗi na kan benci yana gumi, a waya ƙwallo na tsakiyar fili, tela na tsaye yana sosa ƙeya, sai ga ihu ya taso daga bayan firamare, da muryoyin da ba na garin ba, da wani yana dukan gwangwani. Sai da aka ɗan jima waya ta nuna ƙwallo a ragar 'yan gida. Makaɗi ya tsaya da sandar kiɗa a sama. Ashe labari ya kwana kafin ya iso rumfa. Ga shi gwangwanin baƙo ana jin sa har kasuwa, shi kuwa sati uku yana yi wa gilashi kiɗa.

Ya diro daga benci. Ya san in ya ce a tashi, ba mai barin inuwa. Sai ya gyara kalangu a hammata, ya saki kiɗan da yake yi ranar da mahauta suka kayar da ƙaton sa mai tozo. Kafin ka ce kwabo gari ya fito, kowa da kwanonsa, har da 'yan rumfa, ana tambayar ina aka yanka. Shi dai ya yi gaba suna biye, bai tsaya ba sai bakin fili. Wani tsoho ya ce, "Ina naman, ɗan nema?" Makaɗi ya nuna Guduma da haɓa, ya ce, "Ga shi can, Baba, da tozonsa." Dariya ta hana kowa fushi. Tunda an riga an zo, aka kife kwanoni aka hau duka, makaɗi ya juya kiɗa zuwa taken Guduma. Birkila ya ɗaga kai, ya ga jama'a sun sake zama katanga, ya tsinke igiya. Biyu ya zura kafin a tashi. 'Yan ci-rani a kudu suka yi ta bugo waya suna tambayar wane sabon salo ne na zuwa kallo da kwano.

Har yau wayar tana kan gorarta, tana yi wa na nesa amfani. Amma wanda ƙafarsa za ta kai shi, ran Asabar yana bakin fili, da yawansu ma da kwano. Ai dama Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.