Aiki na Uku

Auta ta kwance murfin akwatin, ta jona shi da kwamfutarta a kan teburin falo. Ɗan abu ne, bai fi tafin hannu biyu ba, ita ta girka shi bara. Unguwar ba ta da sabis na kirki, don haka duk tunaninsa a cikinsa yake yi, ba ya jiran taimako daga nesa. Ƙwaƙwalwarsa kuwa kaɗan ce. Tulu ne, ba rijiya ba.

Ayyuka uku ta ɗora masa. Yana sauraren bugun zuciyar Baba ta agogon hannunsa. Yana lura ko ya faɗi, ya buga wa maƙwabci waya nan take. Sai na uku, wanda ya fi cinye wuri.

"Sarkin mantuwa," in ji Inna daga wajen taga, "ka sha maganin, ko sai na zo da bulala?"

Baba ya yi dariya har da tari. "Rediyo, an kunna ki ke nan."

Tun ƙuruciyarsu yake kiranta haka. Yanzu yakan manta sunan Auta, wani lokaci har hanyar banɗaki, amma wannan sunan bai taɓa ɓace masa ba.

A banɗakin ya zame makon jiya. Inna na falo tana ta ba shi labarin ranar da ya tafi aiki da takalmi wari da wari, ba ta san ya faɗi ba. Akwatin yana fama da aiki na uku, sai kiran gaggawa ya tsaya a layi. Kafin maƙwabci ya iso, leɓen Baba ya yi fari. Likita ya ce in aka sake irin wannan jinkiri, sai dai haƙuri.

Babu dabarar da Auta ba ta gwada ba. Ta rage, ta matse, ta sa aikin ya riƙa ba da hanya, amma abin da ya cika ya cika. Babban akwati sai an yo odarsa, zai ɗau watanni. Kafin nan, wa ya san abin da zai rage a ƙwaƙwalwar Baba?

Yayanta ya kira. "Cire na ukun kawai, Auta. Rai ne a gaba."

"Yaya, ba kai kake ganin fuskarsa da safe ba."

"To gawarsa kike so ki gani?"

Ta kashe wayar. Baba yana zuba shayi a kofi biyu, ya tura ɗaya wajen taga, inda na jiya ya huce ba a taɓa ba.

"Auta ce nan?" in ji Inna. "Kin ci abinci kuwa?"

"Na ci, Inna."

Ta danna, ta goge aiki na uku.

Sannan ta kwance agogon Baba, ta sake shi a kan darduma don gwaji. Bai gama birgima ba ta jiyo wayar maƙwabci tana ƙara ta bayan katanga. Aiki ya yi kyau.

"Rediyo?" in ji Baba. Ya saurara. "Wuta aka ɗauke miki?"

Auta ta kifa kai a kan tebur. Bara tana tsaye a bakin ƙofar nan aka fita da gawar Inna, yau kuma ita da hannunta ta goge muryar da ta haɗa wa Baba daga tsofaffin saƙonninta.