Tafkin da Ya Taso Daga Ƙasa

Malam Jatau magini na tsaye a bayan gidan Alhaji, hannu a ƙugu, yana kallon tafkin iyon da ya kwashe wata biyar yana ginawa. Ka san yadda kwale-kwale ke ɗaga hanci in kaya sun yi masa yawa a baya? To haka tafkin nan ya yi. Kankare guda fa, da rodi da tayil, ya taso ta gefen gabas ya kai kamu biyu, bututai sun tsinke, katangar gida ta dare. Shi ko salati ma a ciki ya yi. Gajiya ce kawai ta sauko masa.

Ai tun ranar da aka fara haƙa ya ga abin da bai yi masa ba. Ana wuce jar ƙasa sai ga baƙar laka mai sanyi, har da ɓawon katantanwa a ciki. Tsakiyar rani ne fa, amma kullum ramin da gumi yake wayar gari. Ashe unguwar tsohuwar fadama ce aka cike, aka yanka filaye. Sai ya ce wa Alhaji a shimfiɗa tsakuwa a ƙarƙashi, a bar 'yar huda mai murfi a gindin tafkin, don ran da ruwan ƙasa ya taso ya samu hanyar shigowa, kar ya ɗaga ginin.

Alhaji ya yi dariya. "Malam Jatau, abin tara ruwa na ce ka gina min, kana zancen huda. Ka taɓa ganin an huda randa?"

"Ranka ya daɗe, randa a kan ƙasa take zaune. Wannan a cikin ruwa za mu zaunar da shi."

"Ni dai yi abin da na ce. Jikokina na zuwa hutu."

Ya faɗa sau ɗaya, ya faɗa sau biyu, har ya fara jin kansa kamar mai roƙo. Ranar zuba kankare kuwa, injin kwaɓi na ruri, leburori na jira, rana ta dake shi, baya na ciwo. Guntun bututun da ya tanada don hudar na hannunsa. Ya dube shi, ya dubi tagar Alhaji, ya jefa shi kan tulin yashi ya ce a zuba. Ba mantuwa ba ce, gardama ce ta ishe shi.

Tafki kam ya yi kyau, shuɗi shar, yara sun sha iyo. Da damina ta nutsa Alhaji zai yi tafiya, sai ya sa aka zuƙe ruwan tas, wai saboda sauro da kwaɗi. Aka kwana huɗu ana tafka ruwan sama. Ka taɓa danna ƙwarya wayam a cikin ruwa? Ka san ba ta zama.

Yanzu ga Alhajin ya dawo, murya ƙasa-ƙasa: "To Malam, ko a huda ɗin ne yanzu?"

Kunnen Malam Jatau na kan masu wucewa da ke leƙe ta tsagar katanga. Ba wanda ya tambayi wa ya hana a bar hudar. Tambayarsu ɗaya ce: aikin wa? Sunan da ya yi shekara talatin yana ginawa, ga shi nan ya karkace tare da tafkin.

Shi ya sa masu gina tukwane suka ce, tun ran gini tun ran zane. In yumɓu ya bushe, sai dai kallo. Kai fa, wace maganar ka sani sarai gaskiya ce, ka haɗiye don kawai ka gaji da faɗa?